Tsohuwar Fijo da Ƙaramin Aljihu: Gyaran da Mai Mota Zai Iya Yi da Hannunsa

A gidaje da dama a Kaduna, Kano, Zariya da Jos, akwai wata mota da ke kwance a gindin darbejiya. Tayoyinta sun sace, ƙura ta rufe gilashi, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Galibi Peugeot 504 ce, wadda kowa ke kira Fijo, ta Baba ko ta kaka. 'Yan gwangwan sun sha yin tayi an hana su, amma kuɗin da za a damƙa wa gareji a ce a tashe ta gaba ɗaya, babu su. Abin da magada da yawa ba su sani ba shi ne, kaso mai tsoka na aikin ba ya buƙatar gareji.

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, ta kuma zama gwarzuwar motar Turai ta 1969. A 1975 ta lashe gasar tseren Safari a Kenya, a shekarar da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Faransa ta daina yin ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har wajen 2006. Wannan dogon zango shi ne gatan mai ita a yau: kayan gyaranta na nan a Panteka ta Kaduna, Ƙofar Ruwa ta Kano da Ladipo ta Legas, kuma da wuya a rasa tsohon bakaniken da ya san ta ciki da bai. Babu kwamfuta a jikinta. Wanda ya ɗaga bonet zai ga komai a fili, hannunsa kuma zai kai ga komai.

Kuskuren farko da masu ɗoki ke yi shi ne fara kai ta wurin mai fenti. Kuɗi su ƙare, mota ta fito tana ƙyalli, kyan ɗan maciji, ga birki ba ya kamawa. Mai ƙaramin aljihu tsari yake bi: injin ya tashi, ya daina tafasa, birki ya kama, sannan tsatsa, sai fenti can a ƙarshe. Kayan aikin ma ba su da yawa. Sifanoni daga lamba 8 zuwa 19, sukundireba biyu, filaya, jak, sifanar filogi mai dogon wuya, da ma'aunin tazara da kanikawa ke kira fila-geji.

Motar da ta shekara a ajiye ba a murɗa mata makulli kai tsaye. Ana cire filogi huɗun, a ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, a bari ya kwana, sannan a juya injin da sifana a ji ko yana zagayawa. A tsiyaye tsohon fetur, domin idan ya daɗe yakan yi danƙo ya toshe kafireto. A canza baƙin mai da matatarsa, kimanin lita 4 take sha. A wanke ko a sauya matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke cikawa.

Daga nan sai wuta, inda aka fi cin kuɗin marasa sani. A cikin distiributa akwai ɗan ƙaramin abu mai baki biyu, kwantak, wanda ke buɗewa yana rufewa don tartsatsi ya isa filogi. Ana ɓalle maƙalai biyu na murfin, a zare rota, a juya injin a hankali har bakin ya buɗe iyakar buɗewarsa. Tazarar da ake so ita ce milimita 0.4, kusan kaurin siririn kwali. In bakin ya ƙone ya yi ramuka, sai a sa sabo, a haɗa da sabuwar kwandensa. Filogi kuwa milimita 0.6 ne tazararsa, kuma a 504 yana can cikin rami mai zurfi, shi ya sa gajerar sifana ba ta kai masa. Wayoyin filogi ɗaya bayan ɗaya ake cire su. Jerin wutar 1-3-4-2 ne, amma Faransawa daga wajen giya suke fara ƙirga lamba ɗaya. Wanda ya ƙirga daga wajen lagireto zai iya wuni yana zargin batir. Kuma kafin a taɓa kowace waya, kan batir mai alamar ragi ake fara kwancewa.

Yawan shan mai, tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ya zama abin da ke hana mutane fito da irin waɗannan motoci. Sau da yawa laifin ba na tsufa ba ne. Toshewar matatar iska, kwantak da ya kauce da dattin kafireto kan haɗu su mayar da mota rijiya. Kwalbar feshin wanke kafireto da sabon gaskit sun wadatar. Ba a tsokale ƙananan ramukan kafireton da allura ko waya, domin suna buɗewa, shan man ya ƙaru.

Zafi shi ne babban abokin gabar wannan injin. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuma alminiyam. In ya tafasa sosai, kan yakan lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai har ya koma kalar shayi da madara. Rigakafin ba shi da tsada: a wanke lagireto, a matsa kowane tiyo da hannu a sauya wanda ya bushe ko ya kumbura, a duba fanbel, a daina zuba ruwan rijiya zalla ba tare da maganin hana tsatsa ba. Murfin lagireto kuwa ba a buɗe shi sai injin ya huce.

Birki aikin mutum biyu ne. Man birki na shan danshi, don haka ake sauya shi duk shekara biyu. Ɗaya yana kan kujera yana taka birki, ɗaya yana gindin taya da sifana yana cewa, “Taka. Riƙe. Saki,” har kumfa ta daina fitowa. Ba a shiga ƙarƙashin mota bisa dogaro da jak kaɗai. Sai an tokare ta da ƙarfen tsayarwa ko katako mai kauri, ba bulon siminti ba, wanda ke iya farfashewa ba sallama.

A kasuwa, wanda ya tafi da tsohon kayan a hannu ya fi dawowa da daidai. Kayan ƙarfe irin su ƙofa, fitila, kiks da altaneta, na gwanjo ma suna aiki. Kayan roba da na birki kuwa sababbi ake saya, nan ne araha ba ta ado. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa takan fashe ko da zanenta bai goge ba.

Akwai inda hannun mai mota ya kamata ya tsaya. Bututan cikin silindar 504 zarewa suke yi, kuma in aka juya injin bayan an ɗauke kansa, suna iya motsawa ruwa ya riƙa malala cikin baƙin mai. Wannan aikin bakanike ne, haka buɗe giya. Tsatsar da ta huda daɓen mota ko ƙasan batir ta mai walda ce. Mai mota zai iya dai gano ta: ya ɗaga shimfiɗa ya ƙwanƙwasa da sukundireba, ya bi jikin da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa an taɓa cike wurin da fila.

Ranar da ta tashi, ba Zariya za a nufa ba. Zagayen unguwa ne, ido na kan allurar zafi, a dawo a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Da safe, ɗigo baƙi na baƙin mai ne, kore ko mai kalar tsatsa na lagireto ne. Idan kuma aka ga jiƙa a bayan taya, man birki ne, motar ba za ta fita ƙofar gida ba sai an gano daga inda yake zuba.