Kiɗa a Malesiya: Kuala Lumpur ta cika ta batse, sauran garuruwa na ƙirga kawuna

Ranar 22 ga Nuwamba 2023, mutum sama da 75,000 suka cika babban filin wasa na Bukit Jalil da ke kudancin Kuala Lumpur don kallon Coldplay, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila. Tikiti mafi araha ringgit 228 ne, mafi tsada ya haura 3,000, amma da aka buɗe sayarwa a watan Mayu, cikin 'yan sa'o'i aka wawashe su kaf. Jam'iyyar PAS ta masu ra'ayin Musulunci ta nemi a soke wasan, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu da ita.

Makonni uku kafin wannan daren, hukumar UNESCO ta sanya Ipoh, babban birnin jihar Perak, cikin jerin biranen kiɗa na duniya. Tsakanin Ipoh da Kuala Lumpur kilomita 200 ne ko kusa da haka. An yi murna, an buga a jaridu, amma sarautar UNESCO ba ta sayen tikiti. Kukan masu shirya ƙananan wasanni a Ipoh, da Kuantan, da Alor Setar, da Seremban iri ɗaya ne: a buga sanarwa a Instagram, jama'a su yi ta danna alamar so suna cewa da su za a yi, ranar wasa kuma a tsaya bakin ƙofa ana leƙen titi.

Sai mutum ya ga yadda irin wannan wasa yake kafin ya gane inda ciwon yake. Galibi ba a wani katafaren zaure ake yinsa ba. Garuruwan Malesiya cike suke da jerin shaguna masu hawa biyu ko uku, ƙasa gidan abinci ko garejin gyaran babur, sama kuma wani ya kama haya ya manna soso a bango don kada ƙara ta dami maƙwabta. Da rana yara masu koyon jita suna biya su yi atisaye na awa ɗaya, ƙarshen mako sai wurin ya zama dandali. A bakin matakala akwai ɗan teburi. Mai karɓar kuɗi zai nuna maka takardar da za ka haska da waya ka biya, ya buga maka hatimi a bayan hannu. Gefensa an shimfiɗa riguna masu sunan ƙungiyoyin da za su yi wasa, wani lokaci har da kaset, don kaset bai mutu ba a wannan duniyar tasu. Ƙungiya biyar ko shida ne za su hau bi da bi, kowacce minti ashirin zuwa talatin, ganguna ɗaya da lasifika ɗaya suke karɓa-karɓa. In magariba ta yi a dakata. Kuma in ka duba 'yan kallon da kyau, za ka tarar da yawansu makaɗan da ke jiran nasu layin ne, da abokan da suka rako su.

A yi lissafin misali. A ce tikiti ringgit 30 ne, mutum 40 suka biya, an tashi da 1,200 ke nan. A nan za a cire hayar wuri da ladan mai kula da sauti. A nan ƙungiyar da aka gayyato daga Kuala Lumpur za ta sha mai zuwa da dawowa, ta biya kuɗin babbar hanyar Arewa zuwa Kudu, wadda ba a binta kyauta, ta ci abinci, ta kwana in dare ya yi. Mutum biyar a mota ɗaya da kayan kiɗa a kan cinya. In an tashi ba riba ba faɗuwa, an gode Allah. In ruwan sama ya sauko da yamma, wanda a Malesiya ba baƙon abu ba ne, masu zuwa a babur suka fasa, to mai shirya wasa ne zai cika daga albashinsa.

Dalili na farko da kowa ke kawowa shi ne aljihu, kuma gaskiya ne. Ƙididdigar hukumar alƙaluma ta ƙasar ta 2022 ta nuna rabin gidajen Kuala Lumpur na samun sama da ringgit 10,234 a wata. A Perak adadin 4,494 ne, a Kelantan 3,614. Sai kuma yawan jama'a. Kuala Lumpur da garuruwan jihar Selangor da suka manne mata, irin su Petaling Jaya da Shah Alam da Klang, sun haɗiye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ƙasar, kuma matasa ne suka fi kwarara can, don can aikin yake. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Gombak ko Serdang sun ga yadda birnin ke zama fayau da Ƙaramar Sallah, motoci sun yi layi a manyan hanyoyi kowa ya nufi garinsu. Waɗannan masu tafiya gida sau ɗaya ko biyu a shekara su ne 'yan kallon da Ipoh da Kuantan suka haifa, suka raina, sannan babban birni ya karɓe.

Mawaƙan ma haka. Sudirman Arshad ɗan Temerloh ne a jihar Pahang. Siti Nurhaliza, wadda ta yi wasa a zauren Royal Albert na Landan a 2005, a Kuala Lipis ta tashi. An haifi Yuna a Alor Setar, ƙungiyar Search a Johor Bahru aka kafa ta, Alleycats kuma 'yan Penang ne. Jihohi ke shuka, Kuala Lumpur ke girbi, kuma an daɗe ana haka.

Sai dai talauci kaɗai bai isa bayani ba, domin a cikin dubban da suka cika Bukit Jalil akwai waɗanda suka taso daga jihohin nan da ake cewa ba kuɗi. A lokacin mafi ƙarancin albashi ringgit 1,500 ne, tikitin Coldplay mafi araha ya fi kashi ɗaya cikin bakwai na wannan albashi, ban da kuɗin mota da masauki. Saurayin da ya yi wata uku yana tara wannan kuɗi shi ne zai tsaya yana jinjina ringgit 30 na wasan da ake yi a bayan layinsu. Ba rowa ba ce. Ya san waƙoƙin Coldplay tun kafin ya je, zai ɗauki hoto ya nuna wa duniya ya je. Ƙungiyar da ke saman garejin babur kuwa bai taɓa jin ko waƙarta ɗaya ba. Tun da jirgin ƙasa mai lantarki ya fara jigila tsakanin Ipoh da Kuala Lumpur a 2010, tafiyar ta koma awa biyu da rabi ko kusa da haka. Da an zaci wannan zai sauƙaƙa wa mawaƙan birni zuwa Ipoh. Ya sauƙaƙa, amma ya fi sauƙaƙa wa 'yan kallon Ipoh zuwa birni.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: mutumin jiha ya saba da kiɗan kyauta. Shahararren wasan da Sudirman ya yi a titin Chow Kit a 1986, wanda aka ruwaito ya tara mutum 100,000, ba a biya ko sisi ba. Tun farkon shekarun 2000 gidan talabijin na TV3 ke yawo jiha-jiha da bikinsa na Jom Heboh, ya kawo manyan taurari filin gari, kamfanonin talla su ɗauki nauyi. Gwamnatocin jihohi na shirya nasu, manyan kantuna na shirya nasu, gidan biki ba ya rasa mai riƙe da makirfo. Mu ma mun san wannan hali. Shata da Ɗanmaraya ba da kuɗin ƙofa suka rayu ba, da liƙi da kyautar masu hali suka rayu, jama'a kuma suka sha kiɗa a bagas. Bambancin shi ne makaɗin Bahaushe yana da mai gidan da zai wasa ya ba shi doki ko mota, shi kuwa yaron da ke kaɗa jita a Kuantan ba wanda yake wasawa, ba mai liƙa masa, teburin nan na bakin matakala shi ne duk abin da ya dogara da shi.

'Yan jaridar Turai in sun zo wannan magana, kan addini suke fara sauka, su kuma tsaya a nan. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tun 1990 PAS ke mulkin Kelantan. Ta hana wasan gargajiya na Mak Yong a 1991 saboda abubuwan da malamai suka ce sun saɓa wa aƙida, ta yi dokar kula da wuraren nishaɗi a 1998, ba ta sassauta wa Mak Yong ba sai 2019, shi ma da sharuɗɗa, alhali UNESCO ta karrama wasan tun 2005. A Kelantan da Terengganu, raba maza da mata da sharaɗin sutura na cikin abin da mai neman izinin wasa zai amsa. Har kalandar ma ba ɗaya ba ce: Kelantan da Terengganu da Kedah Juma'a da Asabar suke hutu, sauran ƙasar Asabar da Lahadi, don haka ƙungiyar da membobinta ke aikin ofis a Kuala Lumpur rana ɗaya tak ta haɗa su da 'yan kallon Kota Bharu ta Kelantan. Amma Perak ba PAS ke mulkinta ba, haka Negeri Sembilan da Melaka, kuma kujerunsu ba su fi cika ba. Sannan Kelantan ɗin da ake cewa ba ta son kiɗa ita ce gidan dikir barat, waƙar taron maza masu tafi da amshi, wadda har gobe take tara jama'a. A ganina, abin da ya fi doka illa shi ne rashin tabbas.

Ga abin da nake nufi. A daren 21 ga Yuli 2023, a bikin Good Vibes da aka yi a Sepang, jagoran ƙungiyar The 1975 ta Ingila, Matty Healy, ya caccaki dokokin ƙasar a kan dandali, ya sumbaci abokin kiɗansa namiji. Washegari gwamnati ta soke sauran kwana biyun bikin. Shi ya hau jirgi ya tafi. Waɗanda suka kwana a ciki su ne mawaƙan gida da aka tsara za su hau, da masu sayar da abincin da suka riga suka yi cefane. Daga nan aka wajabta wa masu kawo mawaƙan waje su tanadi makunnin da za a katse wuta da sauti nan take in an ga abin da bai dace ba. A 2024 bikin bai yiwu ba sam, domin ranarsa ta faɗo kan bikin naɗin sarkin ƙasar, Sultan Ibrahim. A daren shiga 2025 kuma mutum huɗu suka mutu bayan wani bikin kiɗa a Sunway, ana zargin ƙwaya ce, 'yan sandan Selangor suka dakatar da ba da izinin wasanni na ɗan lokaci. Ba na cikin masu cewa hukuma ta zura ido, rai ya fi tikiti. Amma duk tsawar da aka yi a birni, a jiha take faɗuwa. Jami'in ƙaramar hukuma da ke riƙe da takardar izini yakan ga jinkiri ya fi masa kwanciyar hankali. Ɗan kallon da aka taɓa soke wa wasa ya koyi kada ya sayi tikiti sai ranar. Mai shirya wasa kuma in ya ga saura kwana uku bai sayar da abin kirki ba, sai ya soke da kansa, ya ƙara koya wa jama'a darasin da ya kashe shi.

Idon gwamnatin tarayya kuwa yana kan Singafo. Coldplay dare ɗaya ta yi a Kuala Lumpur, ta yi shida a Singafo a Janairun 2024. A watan Maris Taylor Swift ta yi shida a can, ba ta leƙa ko'ina ba a kudu maso gabashin Asiya, firaministan Singafo na lokacin, Lee Hsien Loong, kuma ya amsa cewa yarjejeniya suka ƙulla da ita a kan haka. Wannan ya yi wa 'yan Malesiya ciwo. A kasafin 2024, firaministan Malesiya Anwar Ibrahim ya rage harajin nishaɗi, wanda dokar 1953 ta kafa kuma ya kai kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti: aka yafe shi ga mawaƙan gida, aka mayar da na baƙi kashi 10, har zuwa 2028. Sai dai sassaucin na yankunan tarayya ne, wato Kuala Lumpur da Putrajaya da Labuan. Jihohi kowacce ita ke yanke nata. Wurin da ya fi kowa 'yan kallo shi aka fara sauke wa kaya. A 2025 aka ƙaro wani tallafi na ringgit miliyan 10, shi ma don wasannin da ke tara mutum 15,000 zuwa sama.

Ba Malesiya kaɗai ke wannan ciwo ba. A Birtaniya, ƙungiyar Music Venue Trust ta ce ƙananan wuraren kiɗa 125 suka rufe ko suka daina sa wasa a 2023, shekarar da manyan filaye suka yi cinikin da ba su taɓa yi ba. Can ana ta matsa wa manyan wasanni su riƙa cire fam ɗaya daga kowane tikiti a zuba wa ƙananan, Coldplay ɗin nan ma ta yi alkawarin kashi 10 na abin da ta samu a wasanninta na Wembley da Hull na 2025. Faransa ta daɗe da mayar da abin doka, tana cire kashi 3.5 daga tikiti ta raba ta hannun cibiyar kiɗa ta ƙasa. Ringgit ɗaya a kan kowane kai a daren Bukit Jalil 75,000 ne, wato abin da wasan misalinmu zai tara a dare sama da sittin.

Masu cewa jiha ma tana iya tara jama'a sukan kafa hujja da Sarawak. Bikin Rainforest da ake yi a gindin dutsen Santubong kusa da Kuching ya fara a 1998 da 'yan ɗaruruwan mutane, yau yana tara sama da 20,000, ya kuma fito da sape, molon mutanen cikin dajin Borneo, idon duniya. Hujja ce mai kyau, amma hukumar yawon buɗe ido ta jihar ce ke ɗauke da shi, kwana uku ne a shekara, kuma baƙi da yawa ne ke zuwa. Ba ya gaya maka ko mutumin Kuching zai fito daren Asabar na watan Oktoba ya biya don ya ji 'yan garinsu.

Yanzu hankali ya koma gabas. Ana gina layin dogo mai tsawon kilomita 665 daga Kota Bharu, ya ratsa Terengganu da Pahang zuwa tashar ruwa ta Klang, ana kuma sa ran fara ɗaukar fasinja a 2027. Tafiyar da ke cin awa bakwai ko fiye a mota za ta dawo kamar awa huɗu. Makaɗan birni za su iya kaiwa Kuala Terengganu ranar Asabar su dawo aiki Litinin, matasan Kuala Terengganu kuma za su iya kwana a Bukit Jalil su koma gida washegari, duk a jirgi ɗaya.