Ƙidayar ambato da darajar bincike: misalin ilimin gadon hatsi a Nijar

1. Gabatarwa

Duk malamin jami'a da ya taɓa harhaɗa takardunsa don neman ƙarin matsayi a CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, ya san cewa ana tambayarsa abu biyu: me ya wallafa, kuma a wace mujalla. A fannonin kimiyya an ƙara tambaya ta uku: sau nawa wasu suka ambaci aikinsa. A cikin wannan maƙala za mu bayyana yadda ake wannan ƙidaya, mu gwada ta a kan ayyukan wani mai bincike ɗan Nijar, Abdoul-Aziz Saïdou, game da gadon hatsi, sannan mu duba abin da ya shafe mu, mu masu nazarin harshe.

Kalmomin da muka zaɓa su ne: "ambato" ga abin da Faransanci ke kira citation, "ƙwayar gado" ga gène, "ilimin gado" ga génétique. "Hatsi" kuwa muna amfani da shi yadda mutanen Adar ke faɗi, wato gero.

2. Yadda ake ƙidaya

Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a 1955, cikin mujallar Science. Hujjarsa mai sauƙi ce: kowace maƙala tana ƙarewa da jerin ayyukan da ta dogara da su, in aka tattara jerin aka juya shi, za a san waɗanda suka yi amfani da kowane aiki bayan fitowarsa. Cibiyarsa ta Filadelfiya ta fara fitar da Science Citation Index a 1964. A 2004 Scopus da Google Scholar suka bayyana. Kowane yana da rumbun mujallunsa, don haka maƙala guda tana iya samun adadi uku mabambanta.

Daga wannan ƙidaya aka fitar da ma'auni biyu. Na farko na mujalla ne: a ɗauki ambaton da maƙalunta na shekaru biyu da suka wuce suka samu a bana, a raba da yawan maƙalun. Na biyu na mutum ne, shi ne ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya gabatar a 2005. In mutum yana da maƙala 10 waɗanda aka ambaci kowace aƙalla sau 10, sauran kuma ba su kai haka ba, ma'auninsa 10 ne. Ke nan maƙala guda mai ambato 1000 maki ɗaya kawai take bayarwa.

3. Misalin hatsi

A 1976 masu bincike na ORSTOM, cibiyar Faransa da ta koma IRD a 1998, sun tattara irin hatsi a ƙauyukan Nijar suka adana. A 2003 aka sake zagaya ƙauyuka 79 daga cikinsu, tare da INRAN da ICRISAT, aka karɓi sabon iri. Tsakanin shekarun biyu akwai farin 1984 da dogon lokaci na ƙarancin ruwa, wanda manoman arewacin Adar, daf da iyakar noma da dokar 1961 ta shata, suka ɗanɗana.

A 2009 mujallar Genetics ta buga maƙalar da Saïdou ne marubucinta na farko, Yves Vigouroux na ƙarshe. Sun nuna cewa bambancin da ke cikin wata ƙwayar gado mai suna PHYC yana da alaƙa da lokacin da hatsi ke fid da kai da kuma surar tsiron. Wannan ƙwaya ita ke ɗauke da umarnin haɗa wani sinadari da tsiro ke gane haske da shi. A 2011, cikin PLoS ONE, ƙungiyar ta ba da sakamakon shuka irin 1976 da na 2003 gefe da gefe. Na 2003 ya fi saurin fid da kai, kara da zangarniya sun fi gajarta, kuma nau'in PHYC mai sa saurin nuna ya kusa ninka yawansa.

Abin lura a nan shi ne, manyan ire-iren hatsin ba su sauya ba. Manoma ba su watsar da nasu suka rungumi baƙon iri ba. A cikin irin gado ne sauyin ya auku, ta hanyar zangarniyar da ta nuna kafin ɗaukewar ruwa, wadda ita ce ta samu shiga rumbu, ita ce kuma aka shuka a damana mai zuwa.

4. Yadda ya kamata a karanta adadin

Na ɗaya, wurin suna. A ilimin halittu, na farko shi ne yawanci ya yi aikin da hannunsa, na ƙarshe shi ne jagora. Saïdou yana kan gaba a maƙalar 2009, a ta 2011 kuwa yana cikin marubuta fiye da goma. Ma'aunin h bai san wannan bambanci ba: ko wane suna yana karɓar ambaton gaba ɗaya. Maƙalar 2017 ta Nature Biotechnology, wadda ta fayyace dukan gadon hatsi, mai ƙwayoyi fiye da 38,000, tana ɗauke da sunaye gommai.

Na biyu, girman kasuwa. Masu aiki a kan masara da shinkafa sun ninka masu aiki a kan hatsi nesa ba kusa ba. Maƙalar hatsi, ko ta fi inganci, masu iya ambatonta kaɗan ne. Kwatanta adadin mutum biyu yana da ma'ana ne kawai in fanninsu ɗaya ne, shekarun aikinsu kuma sun yi kusa.

Na uku, nau'in aikin. Da mujallar Nature ta jera maƙalu 100 mafi yawan ambato a 2014, ta farko ita ce ta Lowry da abokansa ta 1951, hanyar auna sinadarin furotin, mai ambato fiye da 300,000. Maƙalar Watson da Crick ta 1953 game da surar ADN ba ta shiga jerin ba. Abin da kowa ya riga ya sani, an daina ambaton mai shi.

Na huɗu, lokaci. Aikin Mendel ya fito a 1866, ba a gane darajarsa ba sai 1900. Irin da aka tara a 1976 ya jira shekara 35 kafin ya ba da wannan sakamako. Saboda irin waɗannan dalilai ne sanarwar San Faransisko ta 2012 ta yi kira da a daina auna mutum da ma'aunin mujallar da ya wallafa a ciki.

5. Abin da ya shafe mu

Binciken 2003 ya dogara da tambayar manoma sunan irinsu. Suna kamar gergera, da aka sani a Adar, ko zango, ko maiwa, shi ne ya ba da damar haɗa irin jiya da na yau. Sakamakon ya nuna abin da mai nazarin ma'ana ya saba gani: kalma tana nan daram, abin da take nufi yana sauyawa sannu a hankali. Har wa yau, kalmar "shibra", wato tsiron da ke tsakanin hatsin gona da na daji, mai zubar da tsabarsa, ta shiga rubuce-rubucen masana tsirrai na duniya da sunanta na Hausa. Manoman da suka rarrabe ta, suka raɗa mata suna, ba su cikin kowace ƙidaya.

Haka kuma ayyukan da muke dogara da su. Littafin Djibo Hamani na 1975 game da tarihin Adar kafin mulkin mallaka, wanda IRSH ta buga, da na Bernard Caron na 1991 game da Hausar Adar, babu mai nazarin yankin da zai tsallake su. Amma rumbunan ƙidaya an gina su ne bisa mujallu, galibi na Ingilishi. Littafi da Faransanci, balle maƙala da Hausa, ambatonsu yana faruwa a cikin kundayen ɗalibai, inda ba a ƙirgawa.

6. Kammalawa

Ga ɗalibanmu na Yamai da na Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, shawararmu uku ce. Su rubuta sunansu da siga guda a ko'ina, don kada ayyukansu su rarrabu tsakanin mutum biyu ko uku. Su sanya taƙaitawa cikin harshe na biyu, su kuma ajiye aikinsu inda za a same shi a intanet. In an ba su adadin wani mai bincike, su tambayi rumbun da ya fito, da ranar da aka ƙirga, da fannin, sannan su nemi maƙalar su karanta. Wanda ya karanta ta 2011 zai fahimci dalilin da ya sa adana irin manoma, da sunansa da na ƙauyen da ya fito, aiki ne da ya haɗa masanin gado da masanin harshe.