Masu Bin Sawun Tsofaffin Takardu

Idan aka buga littafi a kan tarihin Daular Sakkwato, ko a kan abin da malamanta suka ce game da mulki da adalci, sunan farfesa ake gani a bango. Amma kafin a kai ga bangon nan, akwai wanda ya yi wata da watanni yana shaƙar ƙura a zaurukan mutane, yana lallashin magada su buɗe masa adakar kakansu. Wani lokaci farfesan ne da kansa, wani lokaci ɗalibinsa ne. Wannan ita ce sana'ar mai binciken rubuce-rubucen hannu, na Larabci da na ajami, kuma a kanta yawancin abin da jami'o'inmu ke faɗa game da addini da adabi da siyasar kakanninmu ya dogara.

Aikin da gaisuwa yake farawa. Gidan malamai ba ya fito da littattafansa don kawai baƙo ya zo da takarda mai hatimin jami'a. Sai an samu wanda ya san wanda ya san mai gidan, an je an durƙusa, an yi ta'aziyyar mamatan da aka daɗe da binnewa, an koma an sake dawowa. Ran da aka dace, dattijo zai gyara zama ya ce, "To, Malam, me za ka yi da su?" Mai bincike ya ce, "Allah ya gafarta Malam, karantawa zan yi in ɗauki hoto, ko warƙa ɗaya ba za ta bar zauren nan ba." Dole ya faɗi haka, domin gidaje da yawa suna da labarin wani da ya ari littafi da sunan bincike, har yau ba a sake ganinsa ba. Wasu kuma suna ganin takardun gado ne mai albarka, ba abin da kowane hannu zai taɓa ba, musamman in akwai sirrin gida a ciki.

In an fito da gafaka aka kwance, abin da ke cikin tadarishi ba ɗinkakken littafi ba ne. Warƙoƙi ne a sake, ba lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalma ɗaya da mai kwafa ya rubuta a ƙasan shafi, wadda ita ce za ta buɗe warƙa ta gaba. In yara sun taɓa watsa su, ko an haɗa littafin fiƙihu da waƙar wa'azi a gafaka ɗaya, da wannan kalma ake bi a mayar da kowace warƙa gidanta. Gara ta ci gefe, yoyon damina ya narkar da tawada, sai a bi a hankali da tsintsiyar gashi mai laushi. Rubutun kuma irin na Magariba ne, inda ɗigon fa yake ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. Wanda bai saba da wannan ba, a layin farko zai yi tuntuɓe.

Sai tambayar da ta fi cin rai: yaushe aka rubuta? A nan mai sana'ar yakan ɗaga warƙa ya saita ta da hasken ƙofa. Sau da yawa zai ga tambarin jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, alamar an yi ta a Italiya, ta biyo fatake ta Tarabulus ta ƙetaro Sahara. Wannan ya ba shi zamanin takarda, amma bai ba shi zamanin magana ba, don ana iya kwafe tsohon littafi a sabuwar takarda. Sai ya duba ƙarshe, inda marubutan waƙoƙi kan ɓoye shekarar Hijira cikin ramzi, wato kalmar da in aka tara lissafin haruffanta za ta ba da shekara. Nan ma akwai tarko. A lissafin Magariba da malamanmu suka bi, harafin shin 1000 ne, a na gabas kuwa 300. Wanda ya ɗauki na gabas zai mayar da waƙar ƙarni na 19 can baya da shekara 700, ya kuma kafa hujja a kai.

Kwafi ɗaya ba ya isa. Mai kwafa mutum ne, yakan yi gyangyaɗi ya tsallake layi, yakan ga kalmar Sakkwatanci da bai sani ba ya sauya ta da ta garinsu, yakan shigar da bayanin gefe cikin ainihin matani. Don haka sai an jera kwafi uku ko huɗu ana gwada su kalma bayan kalma. Akwai kuma ɗabi'ar jingina wa manya abin da ba su rubuta ba. Waƙa in ta yi daɗi sai a ce ta Shehu ɗan Fodiyo ce, kamar yadda duk doguwar rijiya a ƙauye ake cewa ginin mutanen da ne. Mai bincike na gaske yana da ƙarfin halin cewa wannan salon ba na Shehu ba ne, ko da masu littafin ba su ji daɗi ba.

Wannan wahala ta haifar da abu babba. Turawan mulki sun daɗe suna bayyana jihadin 1804 a matsayin yaƙin Fulani da Haɓe. Da aka fara tattara takardu a Ibadan da Zariya a shekarun 1960, ƙarƙashin mutane irin su Abdullahi Smith da John Hunwick, sai magana ta sauya. Murray Last ya zauna da littattafan Waziri Junaidu a Sakkwato, ya fitar da littafinsa a kan daular a 1967. Aka karanta Liya'ul Hukkami da Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa Kanawa a kan tsarin mulki, aka karanta muhawarar Muhammadu Bello da Shehu Alkanemi na Barno da ke cikin Infaƙul Maisuri, aka ga mutane ne masu jayayya da hujja a kan halascin yaƙi da haƙƙin talaka. Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, Yusufu Bala Usman kuma ya sake rubuta tarihin Katsina. Nana Asma'u, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, duniya ta san girmanta ne bayan Jean Boyd ta bi waƙoƙinta, har aka buga su a haɗe tare da Beverly Mack a 1997. Ko Tarihin Kano da Palmer ya fassara a 1908 bai tsira daga irin wannan binciken ba. Ba sunan marubuci a jikinsa, kuma Hunwick yana ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka haɗa shi, wasu na ganin tushensa ya girmi haka nesa.

Yau kyamara ta sauƙaƙa rabin aikin. Ana ɗaukar hoton warƙa dubu cikin 'yan kwanaki, Jami'ar Boston da ke Amurka ma ta ɗora tarin ajamin Hausa a intanet, ga kuma abin da ke ajiye a Kaduna da Jos da Kano da Yamai. Sai dai hoto ba karatu ba ne, kuma masu karatun ne ke ƙaranci. Wanda ya iya tsohon hannu ya san fiƙihu da arulin waƙa, galibi a zaure ya yi karatu, ba shi da takardar shaidar da za a ɗauke shi aiki da ita. Mai digiri kuma ya san ka'idar nazari, amma yakan tsaya cak a gaban ajamin da ba wasali. Abin da ake yi shi ne a haɗu: dakta da kwamfutarsa, malam da tabaransa, ɗaya na karantawa ɗaya na bugawa. In littafi ya fito, sunan malamin yakan ƙare a shafin godiya, tsakanin mai buga rubutu da direba. Ni a ganina wannan rashin adalci ne, kuma yana cikin dalilan da suka sa 'ya'yan irin waɗannan malamai ba sa sha'awar gadon aikin. Sashen da ke son a ci gaba da karanta masa takardu, ya ba malamin zaure albashi da kujera, ya kuma sa sunansa a bango kusa da na dakta.