Kiwon salwa a Kebbi: Abin da ke kashe 'yan tsaki kafin su cika mako guda

Matashin da ya zuba jarinsa a 'yan tsakin salwa a Kalgo ko Gwandu, ya wayi gari ya tarar da rabinsu a sanƙare, cuta zai fara zargi, ko kuma wanda ya sayar masa. Sau da yawa matsalar tana cikin ɗakin rainon da ya haɗa da hannunsa.

Salwar da ake kiwo 'yar asalin Japan ce, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, Jihar Filato, ce ta shigo da ita Najeriya a 1992. Ƙwanta na ƙyanƙyashewa cikin kwana 17 zuwa 18. Ɗan tsakon bai wuce giram 6 zuwa 8 ba, wato na kaza ya ninka shi kusan sau biyar. Jiki mai wannan ƙanƙanta ba ya riƙe ɗumi, shi ya sa a makon farko yake buƙatar zafin digiri 35 zuwa 37 dare da rana. Daga nan a riƙa rage kusan digiri 3 duk mako, har gashi ya rufe shi a mako na uku ko na huɗu.

A nan zafin Kebbi ke ruɗin mutane. Ranar Afrilu takan haura digiri 40, amma da asubahin hunturu, a Disamba da Janairu, ma'auni kan sauka ƙasa da 20. Wanda ya dogara da ƙwan lantarki kaɗai ya jingina jarinsa a kan wutar da ke zuwa lokacin da ta ga dama. In aka ɗauke ta da ƙarfe biyun dare, 'yan tsakin za su hau kan juna neman ɗumi, na ƙasa su shaƙe. Don haka kaskon garwashi ya zama dole, da sharaɗi: a hura gawayin a waje har ya rushe kafin a shigo da shi, a kuma bar kafar iska, domin iskar guba da gawayi ke fitarwa ba ta da wari. A kewaye su da kwali a zagaye, kada a bar lungun da za su cunkushe.

Ko babu ma'aunin zafi, su da kansu za su nuna. In sun dunƙule kusa da wuta, sanyi suke ji. In sun gudu jikin kwali suna haki, zafin ya yi yawa.

Ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba ya isa ya nutsar da ɗan tsakon salwa, saboda haka a zuba tsakuwa mai tsabta a mazubin ruwan. Kada a shimfiɗa musu jarida ko leda: santsi na wargaje ƙafafunsu, wanda ya gurgunce kuwa ba ya isa wurin abinci. Ƙaiƙayin shinkafa, wanda ba ya wuya a Kebbi, shimfiɗa ce mai kyau, amma a rufe shi da buhu mai kaushi a kwanakin farko don kada su ci. Gero da dusa kaɗai ba za su raya su ba. Suna buƙatar abinci mai furotin kashi 24 zuwa 28 cikin ɗari, a niƙe shi laushi.

Wannan ya shafi har masu rabon tallafin dogaro da kai. Duk lokacin da kansila ko ɗan majalisa ya kira taron raba 'yan tsaki, akwai tambayoyin da ya kamata matasa su yi kafin a ɗauki hoto: kwanansu nawa, wa zai koyar da raino, kuma da me za a ɗumama su in wuta ta ɗauke? Macen salwa kan fara ƙwai a mako na shida zuwa na bakwai, tana kuma iya yin sama da 250 a shekara. Lissafin da ake karanta wa masu karɓar tallafi ke nan, kuma yana aiki ne kawai a kan waɗanda suka tsallake makon farko.