Masu neman wurin hoto a Kagoro da Kafanchan, ku leƙa tashar jirgi

Tun da aka watse daga bikin Afan na ranar 1 ga Janairu, hotunan Kagoro suka cika Facebook da TikTok. Ga mafarauta da kwari da baka, ga masu busa ƙaho, ga 'yan mata cikin anko sun ba dutsen Kagoro baya suna murmushi. Sai kuma ƙorafin da aka saba ya biyo baya, wai yaran yanzu ba al'ada ce ta kawo su ba, wurin ɗaukar hoto suka zo nema, har wasu na cewa waya ta kashe biki. Ni ban yarda da wannan magana ba, kuma ina ganin masu yin ta ba su waiwayi yadda kyamara ta fara shigowa ƙasar nan ba.

Dabarar samun wuri mai kyau ba abin tsawaitawa ba ce. A fita da sassafe ko bayan la'asar, kada a tsaya rana na tsaka. Lokacin hunturu hazo kan shafe kan dutsen Kagoro, da damina kuwa ya yi kore shar, ruwan Matsirga da ke kusa da Madakiya ya cika yana rugugi. Duk ɗan acaɓan Kafanchan ya san hanyar waɗannan wurare.

Abin dubawa shi ne wanda ke riƙe da kyamarar. Hotunan mutanen Kagoro da suka fara yawo a duniya, baƙo ne ya ɗauke su. Wani jami'in mulkin mallaka, A. J. N. Tremearne, wanda ya yi aiki a yankin Jama'a, ya fitar da littafi a Ingila a 1912, kuma tun daga sunan littafin ya kira mutanen nan masu wutsiya, masu farautar kawunan mutane. Wutsiyar da yake nufi wani ado ne da matan aure ke ɗaurawa a baya. Da wannan ido Turawa suka san Kagoro, alhali mutane ne da suka riƙe dutsensu shekara da shekaru suna kare kansu daga masu harin bayi. A zamaninmu kuma, tun daga rikicin Kafanchan na 1987 zuwa na 2011 da hare-haren da suka biyo baya, idan kudancin Kaduna ya fito a jarida, to hoton gida ne ƙonanne ko na jana'iza. Saboda haka idan jikar waɗancan mata ta yi kwalliyar da ta ga dama, ta zaɓi inda za ta tsaya, ta ɗauki kanta da hannunta ta aika wa duniya, ba wasan yara take yi ba. A bar ta ta ɗauka.

Nawa ƙorafin daban ne. Kowa dutse, kowa Matsirga, in ba haka ba sai bangon otel mai sabon fenti ko shataletale. Ango da amarya sukan biya kuɗi a tsayar da su gaban katangar da za a iya samun irinta a Kaduna ko Abuja, mai hoto yana ta "ɗan ɗaga haɓa, juyo kafaɗa," ga kuma abin da ya haifi garin Kafanchan can a tsakiyarsa yana cin tsatsa, ba mai waiwayarsa.

Tashar jirgin ƙasa nake nufi. Layin dogon gabas ya taso daga Fatakwal, ya isa Inugu a 1916 saboda kwal, ya bi ta Makurɗi, kuma zuwa 1927 an haɗe shi da Kaduna ta Kafanchan. A shekarar ce aka buɗe reshen da ya bi ta Kagoro da Manchok ya hau tudun Jos don kwasar kuza, daga baya aka ja shi daga Kuru har Maiduguri a 1964. Wato duk mai zuwa Jos, Bauchi, Gombe ko Borno a jirgi, sai ya ratsa nan. Wannan mahaɗa ce ta mayar da ƙasar Fantswam, wato Kafanchan, birni. Ita ta kawo Ibo da Yarbawa da Hausawa da Tibi suka zauna ƙofa da ƙofa a kwatas na reluwe, kuma ƙarfinta ne ya sa hedikwatar masarautar Jama'a ta dawo Kafanchan. Tsofaffin garin har gobe suna tuna lokacin da ake sanin ƙarfe nawa da kukan jirgi, da yadda mata ke rububin taga da rogo, gyaɗa da lemo a kai. Gidaje nawa aka gina, yara nawa suka yi karatu da cinikin tashar nan?

Yau in ka shiga za ka tarar da taragu a jere ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu, awaki na kwance a inuwarsu. Ka durƙusa ka share ƙurar jikin tsohon ƙarfen dogo, sau da yawa za ka ga sunan masana'antar da ta ƙera shi da shekarar da aka yi shi. Da yamma, idan rana ta faɗo ta gefe, jan tsatsar nan da layukan da suka rarrabu suka sake haɗewa sun fi kowane bangon otel kyau a hoto. A Indiya tashar Chhatrapati Shivaji ta Mumbai tana cikin wuraren tarihi na UNESCO, a Nairobi kuwa tsofaffin kawunan jirgi ne aka tara aka yi gidan tarihi da su, mutane na biya su shiga. Mu namu muna jira ɓarayin ƙarfe su yanka su sayar wa 'yan gwangwan.

A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri. Sashen Fatakwal zuwa Aba ya fara aiki a 2024, mu nan muna sauraro. Tsorona shi ne ranar da aikin zai iso, a turo katafila ta ture tsoffin gine-gine da sunan sabuntawa, ba tare da kowa ya ajiye ko hotonsu ba. Hukumar jiragen ƙasa ba sai ta jira biliyoyi ba. A nome ciyawa, a kewaye taragu biyu ko uku, a kafa allo mai ɗauke da tarihin tashar da Hausa da Turanci da harsunan ƙasar, a sa mai gadi. Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a garin, me zai hana ɗalibanta su bi tsofaffin ma'aikatan reluwe gida-gida su naɗi bayaninsu tun suna da rai?

Ku kuma masu waya, ku nemi izinin ma'aikatan tashar kafin ku shiga, kada ku hau tarago mai ruɓaɓɓen ƙasa, kuma kada ku ɗauki mai talla ko tsoho ba tare da kun tambaye shi ba. Idan kun ɗora hoton, ku rubuta sunan wurin da kwanan wata a ƙasansa.