Babur a Saman Mota: Abin da Matafiyin Filinge Ya Kamata Ya Sani

Daga Yamai zuwa Filinge tafiyar kusan kilomita 180 ce a kan hanyar ƙasa mai lamba 25, wadda ta ratsa Baleyara kafin ta miƙe arewa. Amma mutanen Kurfai, wato yankin Filinge, da yawa ba a bakin gudron gidajensu suke ba. Wanda zai shiga Cikal, ko ƙauyukan da ke bayan Bonkuku da Tukunus, sai ya ci yashin Dallol Boso, da damina kuma ga ƙoramu. Shi ya sa ɗan ci-rani mai komowa gida, ko malamin lakwal da aka tura ƙauye, kan sayi babur a birni, ya sa a ɗora masa shi saman mota ko bayan kamyo tare da buhunan shinkafa, don in an sauke shi ya ƙarasa da kansa.

Dabara ce mai kyau, sai dai yadda ake ɗaurin ne ke da ban tsoro.

Babur irin na kabu-kabu ya kai kilo ɗari, wani ma ya ɗara. In aka kwantar da shi a rufin ƙaramar bas wadda ta riga ta cika da mutane da kaya, nauyin motar ya koma sama, kuma mota mai nauyi a ka ita ce ke kifewa idan direba ya kauce wa jaki ko rami da sauri. A babbar mota kuwa matsalar a wutsiya take. Tirela tana haɗe da kanta ne ta wani faifan ƙarfe da ke bisa ƙafafun baya na kan motar, an kuma ƙera ta don nauyi ya zauna tsakanin wannan faifan da ƙafafunta na baya. Duk abin da aka rataya can ƙarshe, bayan ƙafafun, yana rage nauyin da ke danne gaba, sai motar ta riƙa kaɗa gindi in ta ɗauki gudu. Ƙaramin amalanken da ake jonawa bayan mota ya fi saurin yin haka. Wurin babur shi ne cikin bodi, kusa da gaba, a tsaye.

A tsaye ɗin nan na da dalili. Babur a kwance yana zubar da esansi ta murfin tanki da kafireta, ya jiƙa buhuna da katifu, ga rana tana dukan ƙarfe, ga wani fasinja da sigari a baki. Kafin a ɗora shi a rage man tanki, a rufe makunnin mai, a bar injin ya ƙone ragowar har ya mutu da kansa, a jira salansa ya huce. Sannan a sa shi a giya, a ɗaure ta kusurwa huɗu, biyu a gaba biyu a baya, a danna gaban kaɗan yadda igiya za ta yi tauri. Robar tayan da karen mota ya fi so ba ta riƙe irin wannan nauyin, miƙewa take yi. Kuma ko igiyar kirki ce, girgizar hanya na sassauta ta, don haka mai babur kada ya ji kunyar cewa a duba ɗaurin a tsayawar farko, a sake dubawa a Baleyara.

Wani abin da ake mantawa shi ne doka. Tun watan Maris na 2017 aka fara kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi, wadda Filinge ke cikinta, a farkon 2020 kuma hukuma ta hana yawo da babura a sassan jihar da dama saboda da su ne ƴan bindiga suke kai hari. An sassauta a 2021, aka sake ƙarfafawa a wasu wurare. Tunda dokar na canzawa daga wannan yanki zuwa wancan, a tambayi jandarma ko ofishin magajin gari kafin a biya kuɗin ɗauko babur, kada mutum ya sauke shi a inda hawansa laifi ne. Takardun saye da na mallaka su kasance a aljihu, domin a shingen bincike babur marar takarda abin zargi ne ko da a saman mota yake.

Masu jan motar da ta mutu da igiya su ma su lura: idan injin ba ya aiki, birki yana yin tauri bayan taka biyu ko uku, sitiyarin motocin zamani ma haka. Sandar ƙarfe ta fi igiya, a tafi sannu, kuma kada a ja da dare a wannan hanya, inda amalanken shanu ke tafiya ba fitila, musamman ranar Lahadi da kasuwar Baleyara ke watsewa.