Farin Ƙwan LED: Ina Iyakar Haskensa?

Farin ƙwan LED asalinsa shuɗi ne. Ƙwayar da ke cikinsa shuɗin haske take fitarwa, sai a lulluɓe ta da sinadarin fosfo mai juya wani kaso na hasken zuwa rawaya, gaurayen biyun ne ido ke gani fari. Shuji Nakamura ya samar da shuɗiyar ƙwaya mai ƙarfi a Japan a 1993, farin ƙwan ya shiga kasuwa a 1996, kuma a 2014 shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka karɓi kyautar Nobel a kan aikin.

Ana auna nagartar fitila da yawan lumen, wato haske, da take bayarwa a kan kowane wat na wuta. Tsohon ƙwai mai zare bai cika wuce 15 ba. LED na kasuwa yau yana kaiwa 100 zuwa 150, na sahun gaba ya haura 200, kamfanin Cree kuwa ya sanar da 303 a ɗakin gwaji a 2014.

Daga nan hawan zai yi wuya. Juya shuɗi zuwa rawaya na cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin, ya tafi a zafi. Mafita ita ce a haɗa ja, kore da shuɗi kai tsaye ba tare da fosfo ba, amma har yanzu koriyar ƙwaya ba ta kamo ƙafar shuɗiyar ba. Kuma duk sa'ad da aka matsa wa ƙwayar da wuta, nagartarta kan ragu.

A ƙasar Gobir, daga Sabon Birni da Isa har ƙauyukan da ke kewaye da kufan Alkalawa, tocila da fitilar sola masu irin wannan ƙwai sun kusa kawar da aci-bal-bal. Teburin mai shayi ma da su yake kai dare. Duk ƙarin nagarta na nufin ƙaramin faifan sola da ƙaramin batir su wadatar, kuɗin ya sauka. Sai dai abin da ya fi kashe fitila a nan zafi ne. A watan Afrilu yakan haura digiri 40, ƙarƙashin rufin kwano abin ya fi haka, ƙwan mai arha ya dushe ko na'urar daidaita wutarsa ta ƙone tun ƙwayar ba ta tsufa ba. Gyaran da zai fi amfanar wannan yanki shi ne na matsayar ƙwai mai fitar da zafi, da batir mai jure bazara.